Ɗakin da Ake Naɗewa a Ɗora wa Jaki

A ƙasarmu ta Anka ba wanda ke kwana a tanti don marmari. Masu haƙar zinare a dajin Sunke da Bagega sukan kafa sanduna huɗu su yafa tamfol, saboda neman abinci ya raba su da gida. Waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu sun yi shekaru a rumfunan leda cikin garin Anka, haka ma mutanen Gummi da ambaliyar watan Agustan 2024 ta rushe wa ɗakuna. Tantin Mina kaɗai ake ambata da murna, shi ma alhaji a kafe yake tarar da shi. Don haka a shekarun baya, da wani yayana mai fataucin dabbobi ya ce in shirya mu tafi Ingal bikin makiyaya, in kuma nemi abin kwana don gidajen garin ba sa ɗaukar baƙin da ke zuwa, ban san akwai mutanen da tanti ne abin alfaharinsu ba.

Hanyar doguwa ce: Sakkwato, Illela, a tsallaka zuwa Ƙonni, sai Tawa, sai Abalak. Daga nan gonaki suke ƙarewa, itatuwa su gajarce, sama ta faɗaɗa. Ingal na yamma da Agadas, tsohon gari ne mai gonakin dabino, mutanensa na da nasu harshe, Tasawak, ko da yake da Hausa ake ciniki a kasuwa. Arewa da shi akwai fili mai jar laka da ake kira Irhazer, wanda ƙasarsa da ruwansa da ciyawarsa duk suna da gishiri. Abin da kanwa ke yi wa shanunmu, shi wannan fili ke yi wa nasu. Saboda haka idan damina ta kusa ɗaukewa, cikin watan Satumba, Buzaye da Bororo suke kwararowa da raƙuma da shanu, dabbobi su lasa su ƙoshi, mutane su ga dangi, a ɗaura aure, a yi kiɗa. Da Faransanci ana ce wa taron Cure Salée. Hukuma na ware masa 'yan kwanaki na jawabai da allurar dabbobi, amma makiyaya sun riga jami'ai zuwa, kuma sukan daɗe bayan an naɗe tutoci.

Ni da tantin kanti na je, irin na yadin leda mai zik da sandunan roba, wanda na saya wajen 'yan gwanjo a Sakkwato. Ba na raina shi. Mutum ɗaya na ɗaukarsa a hammata, yana kafuwa kafin shayi ya tafasa, kuma idan ka ja zik sauro da kunama sun yi sallama da kai. Sai dai an ɗinka shi ne don wata ƙasa. A Ingila akwai bikin kiɗa na Glastonbury, da aka fara a 1970 a wata gonar shanu, inda mutane wajen dubu 200 ke kwana a fili. Abin da suke gudu shi ne yayyafi da sanyi da caɓi, don haka tantinsu rufaffe ne ruf, mai riƙe ɗumi. Kawo shi Ingal, da hantsi ya ɗaga sai ya koma tanda. Turakunsa kuma 'yan siraran ƙarafa ne da aka yi don ƙasa mai ciyawa da danshi.

Mun sauka kusa da zangon wasu Buzayen Azawak da yayana ya saba saye a hannunsu. A nan na fara ganin tantin fata da idona, na kuma daɗe a tsaye ina kallo. Fatun awaki ne gomiya-gomiya, an jeme su, an haɗa su da ɗinki mai ƙarfi har suka zama shimfiɗa guda, an shafe ta da jar ƙasa da man shanu. Man ne ke hana ruwa shiga, shi ke hana fatar bushewa ta tsage. An ɗora ta kan sanduna masu sassaƙa, an ja gefunanta da igiyoyi zuwa turaku, amma ba ta taɓa ƙasa. Ratar da ta rage ana kewaye ta da dogon asabari na karan ciyawa da aka saƙa da siraran zaren fata, mai zane-zane kore da ja. Da rana sai a naɗe asabarin ta inda iska ke busowa, a bar shi ta inda rana take, a riƙa juya shi yadda inuwa ke juyawa. Na shiga da azahar, lokacin da nawa tantin ba ya shiguwa, na tarar da tsofaffi na barci cikin sanyi.

Buzayen da suka gangaro daga duwatsun Abzin nasu daban ne. Su da tabarmin kaba suke rufi, a kan saiwoyin itace da aka lanƙwasa suka yi baka, ɗakin ya fito a dunƙule. Iska na ratsa saƙar, idan kuma ruwa ya taɓa kabar sai ta kumbura ta toshe kafofin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai ɗakin. A wajen Buzaye tanti na mace ne. Uwa da 'yan'uwanta mata ke tara fatu da tabarmi tun yarinya na tasowa, ranar aure a kafa mata nata, miji ya shigo. Ita ke kafawa, ita ke kwancewa, ita ke ɗaure shi a bayan jaki ranar tashi. Idan aure ya mutu, namiji ne ke ɗaukar sirdinsa ya fita. Na yi ta tunanin matan garinmu da ake saki da tsakar dare su fita da ƙullin kaya a ka, na ga cewa a nan an ba mace wani abu da ba mai iya karɓewa.

Dattijuwar zangon ce ta zo ta duba inda na kafa nawa. Ta kewaya shi, ta taɓa turke ɗaya da ƙafa, ta ce da Hausarta ta mutanen Abalak: “Ɗana, a garinku ta ina hadari ke tasowa?” Na ce, “Ta gabas, Inna.” Ta ce, “Nan ma haka. Juya ƙofar ta dubi yamma, ka matsa bisa tudu, wurin ga ruwa na kwanciya.” Ta sa jikanta ya kawo turakun itace masu kauri, kowanne ya kai kamu guda, aka buga su a karkace, kansu na kallon waje. Da hadarin ya zo wata la'asar, jar ƙura ce ta riga ruwan isowa, ta rufe rana, raƙuma suka juya mata baya suka durƙusa. Matan suka sassauta sandunan gabas, suka ja fatar har ƙasa, tantin ya kwanta ya bar iska ta bi ta kansa. Can wajen masu kallo da suka zo da motoci kuwa, na ga tantunan kanti na birgima cikin fili, masu su na bin su da gudu. Nawa ya tsaya, albarkacin turakun Inna.

Bororo su ko tantin ma bai dame su ba. Gidan mace gado ne, da dandamalin da take jera ƙorenta masu ado, da 'yan rassan ƙaya ta baya, da igiyar maruƙa ta gaba. In ruwa ya sauko a yafa leda a kan gadon, in ya ɗauke a yaye. Duk ƙoƙarinsu ya tafi ga kwalliya. Da yamma samarinsu ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, fuska ta sha jar ƙasa ko rawaya, leɓe baƙi, gashin jimina a ka, suna ɗaga dunduniya suna fiddo farin ido da farin haƙori, 'yan mata na zaɓe. Ba ganga, ba goge. Murya ce kawai, ɗaya ya ja, sauran su amsa da dogon sauti da ba ya yankewa, har ka ji shi cikin ƙirjinka. Matan Buzaye kuma turmi suke rufewa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya su mai da shi ganga, tende, su zauna a dunƙule suna tafi da guɗa, mazaje bisa fararen raƙuma na kewaye su, takun raƙumi na bin kiɗan daidai. In dare ya yi sai a ta da janareta, samari su ɗauko gita, irin kiɗan da Tinariwen na Mali suka kai har ga lambar Grammy a 2012, wanda Bombino ɗan Agadas ya zaga duniya da shi. Ana yi har asuba. Wanda ke son barci sai ya kafa tantinsa nesa da lasifika, ya kuma kauce wa hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, domin garken shanun Bororo masu dogayen ƙaho ba ya ratse wa igiyar kowa.

Ga wanda zai je daga wajenmu, tanti shi ne ƙaramin abu a cikin kayan. In na kanti ne, a nemi mai rufi biyu, na ciki raga, na waje yadi, don a yaye na wajen a daren da ba hadari. A je wajen maƙeri ya yanko rodi ya lanƙwasa kansa, a bar siraran turakun a gida. A riƙe tamfol biyu da igiya mai yawa: ɗaya a shimfiɗa ƙasa, ɗaya a ɗaura sama da tantin da rata tsakani, shi ne zai sha ranar. Gidan sauro wajibi ne, don ƙarshen damina ne kuma tafkuna cike suke. Bargo mara nauyi saboda sanyin asuba. Tocila, wadda ba a taka ƙasa da dare sai da ita, kuma a zazzage takalmi kafin a sa. Takalmin ma rufaffe, saboda ƙarangiya. A Satumba ta nuna ta bushe, tana kama wando da tabarma da zanin gado, ƙayarta ta shige fata ta karye. Kusan kowane makiyayi na rataye da 'yar matsefata don cire ta, ni ma ban wuce kasuwar Ingal ba sai da na sayi tawa.

Ruwa shi ne babba. Wasu rijiyoyin yankin zartsi ne, abin da ke gyara raƙumi yana iya ɓata cikin baƙo, don haka jarkoki muka ciko daga gari. Ruwan jarka da rana kamar an dafa shi, na salkar fata da ke rataye a inuwar tantin Inna kuwa sanyi ƙalau, saboda tana tsattsafowa iska na busawa. Yayana ya naɗe jarkarmu da tsohon buhun algarara, yana jiƙa shi lokaci-lokaci, ta yi kusan abin da salka ke yi. Rawani ma kayan aiki ne a can: shi ke tare ƙura daga hanci, shi ke hana leɓe tsagewa.

Na tambayi Inna ko ana sayar da tantin fata. Ta ce wanda ya sayar da na gidansa yunwa ce ta kai shi, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, Buzaye suka watsu har Sakkwato da Kano suna gadi. Fatu sun yi tsada yanzu, matan da suka iya ɗinkin suna raguwa, shi ya sa a zanguna da yawa tamfol ɗin kanti ne a kan tsofaffin sandunan sassaƙa, yana shekara biyu rana ta cinye shi. Tabarmin kaba da asabari dai ana samunsu a kasuwar Ingal da ta Abalak, kuma sun fi waɗanda za ka ɗauko daga gida kauri. Kuɗin Najeriya a canza su zuwa sefa tun a Ƙonni, a kuma tambayi direbobin Tawa halin da hanya ke ciki kafin a ɗaura kaya, don ba kowace shekara take biyuwa ba.