Wa Kake Da Shi A Can?

Gwada ce wa tsohuwar gidanku za ka ƙauye hutu, ka ji abin da zai biyo baya. Tambayar farko: "Rasuwa aka yi?" In ka ce a'a, sai ta biyu: "To wa kake da shi a can?" A cikin birnin Zazzau, daga Ƙwarbai har Limancin Kona, ba a saba ganin mutum ya saɓi jaka ya nufi garin da ba shi da kowa, wai don garin na da kyau ba. Biki, suna, ta'aziyya ko duba gona, su ke fitar da ɗan birni ƙauye. Wancan salon da muke gani a waya, na Turawan Ingila da ke kama hayar ɗan gidan dutse a karkara su yi mako guda suna kallon tumaki, bai iso Ƙofar Doka ba tukuna.

Mu huɗu ne muka ce sai mun gwada. Muna shekarar ƙarshe ta difloma, kuma kowa ya san abin da ke gaba: a gama jarrabawa, a miƙa furojet, a watse. Wani zai tafi shekarar sanin makamar aiki a Kaduna, wani kasuwa za ta riƙe shi, ba lallai a sake haɗuwa a babbar difloma ba. Muka yi karo-karo, muka ce kwana biyar a ƙauye guda. Ni na fi kowa matsawa, don ni ne ba ni da ƙauye. Kakannina duka huɗu a cikin ganuwa aka yanke masu cibiya. Shekarata 22, ban taɓa kwana a garin da ba a jin ƙarar a-daidaita-sahu ba.

Kajuru aka fara ambata, kamar kullum. Wa bai ga hoton gidan nan mai kama da fadar sarakunan Turai ba, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse? Amma ko minti goma ba a yi a kansa ba. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin, suka kashe mutum biyu, ɗaya 'yar Birtaniya, kuma yankin bai daina shiga labarai ba tun daga lokacin. Da na tsegunta wa Baba sunan garin, ko ɗago kai bai yi daga rediyonsa ba. "In an ɗauke ka, gidan nan za a sayar ko me?" Shi ke nan maganar Kajuru, haka ma Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa.

Sai Kagoro, da duwatsunta masu kama da an jingina su da sama, ga ruwan Matsirga da ke faɗowa kusa da Kafanchan, ga bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu. Kyau kam akwai. Amma kuɗin mota zuwa da dawowa zai cinye rabin abin da muka tara, kuma ba wanda ya san ko mutum ɗaya a can. Sai dai mu kama otal a Kafanchan, mu riƙa fita da safe muna ɗaukar hoto. Wannan ai ba zaman ƙauye ba ne.

Raina dai Turunku ya so. Duk ɗan Zazzau ya tashi da jin sunan: can ne tarihin baka ya ce sarautar ta zauna kafin ta dawo wajen Kufena da Zariya, can ne garin Bakwa Turunku da aka haɗa da Sarauniya Amina. Abin kunya ne a ce ana haddace mana labarin tun firamare, ga garin nan a ƙaramar hukumar Igabi, amma yawancinmu ba mu taɓa taka shi ba. Sai dai da muka tambayi direbobi a tasha, amsarsu ɗaya: ku je da hantsi, ku dawo kafin la'asar. Wani ya kawo shawarar Kufena, aka yi masa dariya. Dutsen da kake hange daga Wusasa, ka hau da safe ka dawo gida cin tuwon rana?

A nan ne tambayar tsohuwa ta fara yi mini ma'ana ta daban. Ƙauyenmu na Hausa ba shi da masaukin haya. A gidan mutum ake sauka, a zaure ko a ɗakin samari, kuma mai masaukinka shi zai kai ka gaida mai unguwa, ya ce wannan baƙona ne. Da can ladabi ne kawai. Yau kuwa, samari huɗu da ba a san fuskarsu ba, suna zagaya bayan gari da wayoyi suna ɗaukar hoton hanya da dutse, me kake zaton 'yan sa-kai za su ɗauke su? Mutanen da aka sha kwashe wa shanu ba za ka ga laifinsu ba in sun zargi baƙo da leƙen asiri. Ba a hoto ake ganin wannan ba, kuma shi ya fi kyan dutse muhimmanci.

Duk wannan gardama, na huɗunmu bai ce uffan ba. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Hunƙuyi, cikin ƙaramar hukumar Kudan, kuma na san dalilin shirunsa. Shekara biyu muna tsokanarsa da "baƙauye" in ya yi wata magana, mu da masarar garinsu ke riƙe da mu. Da aka matsa masa sai ya ce, "Garinmu fa ba dutse, ba ruwa mai faɗowa. Rake ne kawai."

Muka ce ya ba mu labarin raken. Wallahi sai da ya yi rabin awa. Fadama ce shimfiɗe, kore shar ko da rani. In lokacin mazarƙwaila ya yi, tun asuba ake sara ana kaiwa wurin matsa. Da doki ne ke zagayawa yana juya ƙarfen, yanzu inji ya karɓe shi a yawancin wurare. Ruwan raken a zuba a manyan kaskuna, a yi ta hura wuta da ɓawon da aka matse ya bushe, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuzzuba a 'yan faranti ya daskare. Ya ce ƙamshin kan kai har masallaci. Ni da nake sayen mazarƙwaila a kasuwar Amaru tun ina yaro, ban taɓa tambayar yadda ake yin ta ba.

Shi ne kuma ya gyara mana lokaci. Mun so tsakiyar damina saboda kore, ya ce a'a. A watan Agusta hanya ta jiƙe, sauro ya yi yawa, kowa na gona, rumbu kuma ya yi ƙasa. Maigida ba zai taɓa ce maka babu ba, zai yanka kazar da bai yi niyya ba, ya auno hatsi bashi don kada baƙo ya ga gazawarsa. Ku bari sai kaka, in ji shi, an yi girbi, ga sabuwar gyaɗa, ga dankali, ga sanyin hunturu ya fara. Baƙi huɗu a lokacin ba nauyi ba ne.

(Wata 'yar ajinmu da ta ji shirin ta ce mu dai maza mun ji daɗi, ita ko Samaru za ta sai an yi zaman gida a kai. Ba wanda ya iya ba ta amsa.)

Inna ta yarda, da sharuɗɗa uku: ba tafiyar dare, in kira ta kullum bayan magariba, kuma ba za ni hannu rabbana ba. Ita da kanta ta lissafa tsarabar: sukari, ganyen shayi, sabulu, goro na maigida, turmin atamfa na uwar gida. Maganar kira ce ta ɗan ba da wahala, don sabis ɗin garin sai an je gindin wata tsamiya a bakin makarantar firamare, caji kuma a shagon mai sola. Kuɗin da muka ware na otal ya koma tsaraba, har da canji.

Makon jiya abokin namu ya dawo daga gida da saƙon mahaifinsa. Ya ce an share ɗakin zaure, an sanar da mai unguwa. Ya ce kuma a gaya wa 'yan birnin nan su taho da tsofaffin kaya, don ranar da za mu isa ake fara saran raken gonar gabas, kuma hannu bai ishe su ba.