Kafireton Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya san hanyar Janbako zuwa kasuwar Talata Mafara ya san akori-kura ƙirar Fijo 504. Kamfanin Peugeot ya fito da wannan samfuri a Faransa a 1968, daga baya masana'antarsa da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta riƙa haɗa shi. An daina ƙera ta tuni, amma ragowarta na ɗaukar albasa da shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Bakolori.

Irin wannan mota aka turo wa wani dattijon makanike ranar wata Litinin. Baƙin hayaƙi take fitarwa, tana shan mai fiye da kima, ga tumatir an riga an tsinke yana jiran kasuwar gobe. Dattijon ya saurari kukan injin, ya kwance fulogi ya ga ya yi baƙi ƙirin, sai ya ce matsalar tana kafireto.

Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Idan fetur ya rinjayi iska, ba zai ƙone duka ba, shi ne baƙin hayaƙin. Da dattijon ya warware shi a kan faranti, sai ya tarar 'yar allurar da ke tsayar da mai ta cinye, saboda haka fetur yana ta ambaliya. Ya sa sabuwar allura da sabon gasket. Yaronsa ya ɗauko waya zai zura a ƙananan kafofin da mai ke bi, yana cewa, "Maigida, ai wannan ya fi sauri." Dattijon ya riƙe masa hannu, ya ce, "Kul, yaro! Waya faɗaɗa kafa take yi, kafar da ta faɗaɗa kuwa ba ta komawa." Da fetur ya wanke su, ya hure da iska, ya mayar. Da asuba motar ta kama hanya.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin harshe. Kalmomin kafireto da fulogi da totur da salansa duk aro ne daga Ingilishi, amma Hausa ta sarrafa su, ta cusa wasula tsakanin baƙaƙe, ta mayar da /p/ zuwa /f/. A gareji aka yi wannan aiki, ba a zauren taron masana ba. Motocin zamani kuwa ba su amfani da kafireto, don haka sana'ar da kalmominta suna hannun tsofaffi ƙalilan. Ya kamata malamin gobe ya kai ɗalibansa gareji su tattara waɗannan kalmomi tun masu su na raye, domin Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.