Na Tsere Wa Ruwan Alau, Raɓar Kunne Ta Kama Ni

Ni dai sana'ata sauraro ce. Akan kawo mini hirar da aka ɗauka daga bakin mutanen karkara, da harshen Kanuri ko da Hausa, in zauna in saurara kalma bayan kalma, in rubuta, sa'an nan in juya ta zuwa Turanci domin masu aikin agaji da masu bincike da suka yawaita a Maiduguri tun da fitina ta auka wa ƙasar Barno. Da wannan nake ciyad da iyalina. Saboda haka kunne a gare ni kamar fartanya yake ga manomi, duk abin da ya taɓa shi kuwa ya taɓa tukunyar gidana.

Mutanen Yerwa ba za su manta da watan Janairu na 2021 ba, sa'ad da 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun lantarki a kan hanyar Damaturu, gari ya faɗa cikin duhu. Aka gyara a watan Maris, ba a yi 'yan kwanaki ba suka sake fasawa. Ba a buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, ba sai a watan Maris na 2023. A tsakanin nan duk mai ɗan hali ya sayi janareta. A unguwarmu ta Gwange, da magariba ta yi sai ka ji kamar an tara injinan niƙa a bayan ɗakinka. Ni kuwa ga ni da muryar wata tsohuwa 'yar gudun hijira a faifai, tana magana ƙasa-ƙasa, in mai da jimla ɗaya baya sau biyar ban kama abin da ta ce ba. Aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku.

Ana nan sai wani abokin aikina ya ara mini hedifon ɗinsa, irin manyan nan masu rufe kunne ruf, marasa waya, masu kashe ƙarar waje. Yadda suke aiki abin mamaki ne. Akwai 'yan ƙananan makirufo a jikinsu da ke sauraron hayaniyar da ke kewaye da kai, nan take na'urar ta ƙirƙiro wani sauti kishiyar wannan hayaniya ta aika kunnenka, su biyun su haɗu su kashe juna. Da na ɗora shi a kaina sai na ji kamar an zare janaretocin Gwange duka daga duniya, muryar tsohuwar nan ta fito tangaram, har numfashinta ina ji. Ran nan na ƙudura a raina sai na mallaki irinsa.

A ƙarshen 2022 na cika burina. Na zaɓi wani mai kwanon kunne na ƙarfe mai sheƙi, da matashi mai laushi kamar fatar Sakkwato, kuɗinsa kuwa ya isa sayen raguna biyu na layya a wannan shekara. Uwargida ta juya shi a hannu, ta ce, "Malam, wannan abin ne raguna biyu?" Na ce mata araha ba ta ado, wanda ya sayi mai tsada sau ɗaya yake saye. Ta yi shiru, ta miƙo mini abina.

Gaskiya ya yi mini aiki, ba zan ci amanarsa ba. Amma tun a shekarar farko ya yi ta nuna mini alamu, ni ne na ƙi karantawa. Da hunturu, in na yi sallar asuba na zauna aiki, ƙarfen yakan yi sanyi ƙalau, bayan sa'a biyu in na cire sai in ga 'yan ɗige-ɗigen ruwa a ciki, in share da bakin riga in ci gaba. Da bazara, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, matashin yakan jiƙe sharkaf da gumi, in ninke shi haka in jefa cikin jakarsa in ja zif. Da damina kuma, musamman cikin Agusta, ba ya bushewa sam, har wani ɗan wari yake yi. Wata rana ya katse da kansa, wata rana kunnen hagu ya yi 'yar ƙara kamar ta gyare, in kashe in kunna ya dawo. Na ɗauka halin na'ura ne kawai.

Sai ga daren 10 ga Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, har namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi bai bari ba. Muka fito cikin duhu, ruwa iya ƙugu, ina riƙe da ƙaramin ɗana a kafaɗa, a kaina kuma ga jakar leda da na ƙulle takardun gida da kwamfuta da hedifon a ciki. Katifu da hatsi da littattafan da na tara shekara da shekaru duk suka tafi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Da muka isa gidan wana a Bulumkutu na kwance ledar, na tarar ko ɗigo bai taɓa kayan sana'ata ba. Na yi hamdala, na ce tun da fartanya ta tsira, gona za ta nomu.

Ashe ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Bayan ruwa ya janye aiki ya zo mini jingim, domin kowace ƙungiya tana son a rubuta mata bayanan waɗanda ambaliya ta shafa. Da yake ba ni da ɗakin zama, wani ofis ya ara mini tebur a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, inda nakan bar hedifon ya kwana. Kullum da safe in sauko daga Keke Napep ina gumi, in ɗauki ƙarfen nan mai sanyi kamar randa in kifa a kunne, in yi sa'a shida ko bakwai ban cire ba. Cikin mako na huɗu, saura kwana biyu in miƙa aikin da nake sa ran biyan kuɗin hayar sabon gida da shi, kunnen hagu ya yi wani tsuwa mai tsanani, ya ɗauke. Na yi caji, na kashe na kunna, na yi duk dabarar da na sani. Shiru.

Na garzaya Kasuwar Jagwal wurin wani saurayi mai gyaran waya. Ya ɓamɓare matashin, ya kwance 'yan kusoshi, ya haska fitila, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ambaliya ta taɓa shi, ko?" Na rantse masa a kaina na ɗauko shi. Ya juyo mini da cikin. Ga wata tsatsa kore-kore ta cinye bakin 'yan wayoyin da ke haɗa makirufo da allon na'urar, ga farin gishiri ya bushe a gefe. Ya ce, "To Baba, in ba ruwan Alau ba ne, ruwan jikinka ne. Wannan ba ɓarnar kwana ɗaya ba ce."

Da dare ina ba uwargida labari tana kwashe tuwo. Ba ta ce uffan ba, sai ta ɗaga murfin kwanon samira ta nuna mini cikinsa, ruwa na tsiyaya. Ta ce, "Malam, wa ya zuba wa murfin nan ruwa?" Nan take na gane abin da na kasa ganewa shekara biyu. Iska mai ɗumi tana iya riƙe tururi fiye da mai sanyi. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi takan riƙe ruwa kusan giram 40 in zafinta digiri 35 ne, amma in ta sauka zuwa digiri 20 ba ta iya riƙe fiye da giram 17, sauran dole ta sauke shi a kan abin da ya sanyaya ta. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa, haka kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi. To, kunnen mutum da fatar da ke kewaye da shi kullum suna fitar da ɗumi da laima. Matashin hedifon kuwa da gangan aka yi shi ya toshe iska, gama in iska na shiga, ƙara ma za ta shiga. Watau kunnena ne tuwon, kwanon ƙarfen nan shi ne murfin. Daɗin daɗawa, alminiyam yana janye zafi sau ɗaruruwa fiye da roba, don haka abin da ya sa hedifon ya yi kyau a ido, ya yi tsada a kasuwa, shi ne ya sa ya fi tara raɓa. In gumi ya haɗu da raɓar kuma abin ya ƙara muni, domin gumi na ɗauke da gishiri, gishiri da lantarki in suka tarar da tagulla kuwa sai sun cinye ta.

Daga baya na fahimci ba a kaina farau ba. Kamfanin Apple ya fitar da nasa, mai suna AirPods Max, a watan Disamba na 2020 a kan dala 549, shi ma da kwanon alminiyam. Ba a daɗe ba masu saye suka fara koke cewa suna ganin ruwa a cikinsa, har a 2021 waɗansu suka kai ƙara kotu a jihar Kalifoniya ta Amurka suna zargin aibi ne daga ƙira. Kamfanin dai ya bayyana a takardunsa cewa ba a yi na'urar don ta jure ruwa ba. Nawa ba na wannan kamfani ba ne, amma cutar iri ɗaya ce. In mutanen ƙasashen sanyi suna kuka, ina ga mu da muke zaune a bakin Sahara?

Ya kamata kuma mu tuna inda aka haifi wannan fasaha. Wani malamin jami'a a Amurka, Amar Bose, ya zana tasa dabarar a 1978 yana cikin jirgin sama daga Turai, da rugugin injin ya hana shi jin kiɗa. Matuƙa jirgi aka fara yi wa, kafin a 2000 a fitar da na fasinjoji. Cikin jirgin sama kuwa iska a bushe take ƙayau, ga sanyi daidai, ba mai gumi. Abin da aka auna da matafiyin da ke kishingiɗe a sararin samaniya, shi muka ɗauko muka kawo Gwange cikin watan Mayu.

Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce garantin shekara ɗaya ne, ya wuce, kuma ko da bai wuce ba, garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Na duba takardar, haka ne. A nan ne nake ganin akwai rashin adalci. Ruwan da yaro ya kifar a kan kaya daban, ruwan da kayan ke tarawa da kansa sa'ad da kake amfani da shi yadda aka ce ka yi, shi ma daban. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Gaskiya ne, amma fa mai rariya yana ganin hujojinta kafin ya biya. Ni ba wanda ya nuna mini. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ɗan Nijeriya haƙƙin samun kayan da ya dace da aikin da aka yi shi dominsa, kuma lalle ya kamata hukumar FCCPC ta sa masu shigo da irin wannan kaya su riƙa gaya wa mai saye wannan magana ƙarara, da harshen da yake ji.

Duk da haka ba zan wanke kaina ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara biyu ina ganin ɗigon ruwa ina sharewa da bakin riga. Don haka ga abin da zan gaya wa ɗan'uwa mai niyyar saye. Ka duba kwalin ko akwai alamar IP, watau ma'aunin jure ruwa da ƙura na ƙasashen duniya. IPX4 na nufin yana jure fantsamar ruwa, akasarin manyan nan masu tsada kuwa ba su da alamar ko kaɗan. Ka tambaya ko ana iya sauya matashi da batir, kuma ko ana samunsu a garinku. Ka tambaya ko yana da kafar waya, domin ran da ɓangaren Bluetooth ya mutu kada ya zama kwano kawai. In ka riga ka saya, ka riƙa cire shi bayan kowace sa'a kunne ya sha iska, ka goge cikinsa da busasshen ƙyalle, kada ka rufe shi a jaka yana jiƙe, kada kuma ka shanya shi a rana, gama zafi na kashe batir. 'Yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka tara su ka sa a jakarsa. In ya kwana a ɗaki mai sanyi, ka bari ya ɗan huce kafin ka ɗora.

Aikin nan dai na gama shi a kan lokaci, da wani ɗan hedifon mai waya da na saya a bakin titi da kuɗin da bai kai na kaza biyu ba. Na sha wuya, na toshe tagogi, na yi ta mai da jimla baya, amma ya kai ni, aka biya ni, muka kama haya. Shi kuma saurayin Jagwal ya kankare tsatsar, ya ɗiga dalma, kunnen hagu ya dawo da magana, sai dai ɓangaren kashe ƙara ya tafi ke nan. Yana nan rataye a ƙusa kusa da taga inda iska ke ratsawa, ina amfani da shi da waya, ina jin janaretan maƙwabcina sarai. Duk ran da uwargida ta gan ni ina goge shi bayan aiki, takan yi murmushi ta ce, "Malam, ana ba raguna ruwa ne?" Ni kuwa ba na tanka mata, domin ta fi ni gaskiya tun ranar farko.