Zamanin da ake gardamar kwamfuta a gindin darbejiya

Akwai gardamar da ta mutu ba wanda ya je ta'aziyya: ko kwamfuta za ta iya cin gwanin dara. Yau in ka ɗauko ta, ɗan firamare ma dariya zai yi maka. Amma mu da muka tashi a unguwar Malali ta Kaduna a shekarun 1990 mun ga dattawa suna ta da jijiyar wuya a kanta har ladan ya kira magariba.

Dara iri uku muka sani a unguwar. Akwai ta gargajiya, wadda ake tona wa gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya tsinci tsakuwa, wancan ya kakkarya kara. Ka jera uku, ka cire ɗa guda na abokin karawarka. Masu gadi ne gwanayenta. Akwai darar Turawa mai sarki da sarauniya da doki, wato ces, wadda muka fi gani a hannun ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan Malali, muna yi musu kallon 'yan boko masu iyayi. Amma mai tara jama'a ita ce daraf, mai gida ɗari, ta ma'aikatan rukunin gidajen Lokos da na gidan ruwa in an taso daga ofis.

Allon namu kafinta ne ya fenta shi, tsakiyarsa duk ta koɗe saboda gugar hannu. In ɗa ya ɓace, a sa marfin kwalba. Ba a ajiye ɗa a hankali, sai an buga shi, ƙwas, har na ƙarshen benci ya ji. Mutum biyu ke wasa, goma sha suna tsaye a kansu, kuma dokar ita ce ɗan kallo ba ya magana. To, ba ya magana, amma yana tari. Wani zai yi gyaran murya daidai lokacin da hannunka ya doshi ɗan da bai kamata ba, nan take rigima ta tashi: "Haba Alhaji, murar nan taka ba ta tashi sai an zo cin ƙaninka?"

Cikin wannan majalisa labari ya faɗo ta rediyo a watan Mayun 1997, zamanin Abacha, ana fama da layin mai. Wai wata na'urar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran ces na duniya, a birnin New York, da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi. Shekara guda kafin nan shi ya lallasa ta da ci 4 da 2 a Philadelphia.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, wanda ba a cika cinsa a daraf ba, ko ɗago kai bai yi ba. "Ƙarfe ba ya tunani," in ji shi. "Mutum suka ɓoye a ciki." Wani malamin lissafi ya ce, "Baba, ai ba tunani take yi ba, ƙirga take yi. A daƙiƙa ɗaya tana duba zaman allo miliyan 200." Baba ya ce, "Malam, ko mahaukaci ya iya ƙirga. A kawo ta nan, in ba ta 'ya'ya biyu kyauta."

Mun yi dariya, amma Baba yana da abokin zargi. Kasparov da kansa ya yi shakkar cewa akwai hannun mutum a wasa na biyu, ya nemi a sake karawa, IBM ta ƙi. Kuma an taɓa yi: a 1770 Wolfgang von Kempelen ya ƙera wani akwati mai mutum-mutumi sanye da rawani, aka yi ta yawo da shi a Turai yana cin manyan mutane, ashe gwani ne ke tsugune a ciki.

Daɗin abin ya ƙaru da aka shiga shekarun 2000, shagunan buga takardu da na intanet suka bazu a Kaduna. In ba kwastoma, mai shago ya bar mu mu kara da manhajar ces. A asirce muke mayar da ita matakin 'yan koyo, mu cinye ta, mu fito muna cika baki cewa mun rama wa Kasparov. In kuwa ta ritsa sarkinka, addu'arka ɗaya: a ɗauke wuta. Sau da yawa addu'ar kan karɓu, a tashi a ce canjaras.

Muna wannan shirme, can an riga an rufe magana. A ƙarshen 2006, a birnin Bonn na Jamus, manhajar Deep Fritz, wadda kowa kan iya saya, ta doke zakaran duniya Vladimir Kramnik da ci 4 da 2, bai ci wasa ko ɗaya ba. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka tabbatar cewa ƙaramar daraf mai gida 64, in ba wanda ya yi kuskure, canjaras ce ƙarshenta. Yau manhajar ces ta Stockfish kyauta ce, kuma a ma'aunin ƙarfi ta haura maki 3,500, alhali mafi yawan abin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2,882, na Magnus Carlsen a 2014. Laƙabin gwanin gwanaye da hukumar ces ta duniya, FIDE, ke bayarwa yana da wuyar da sai a 2009 aka sami ɗan Afirka kudu da Sahara na farko da ya samu, Amon Simutowe na Zambiya. Ga shi wayar mai shayi ta fi ƙarfinsa.

Ba cin da na'ura ta yi ke damuna ba. Abin da nake kewa shi ne musun bayan wasa. Da, in an gama, sai a mayar da 'ya'ya inda suke, kowa ya cusa hannu: da nan ka bi, a'a da can ka bi. A kwana a kai, a wayi gari a ci gaba, wanda ya fi murya da furfura ya yi nasara ko da ba shi da gaskiya. Yanzu yaran da ke buga ces, da an ce "da ka yi kaza", sai ɗaya ya zaro waya, kafin ka haɗiye yawu ta yanke hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba, wannan na yarda, sai dai zamansu ba ya tara mutane.

Baba bai kai ga ganin yadda zarginsa ya juye ba. Shi yana neman mutum a cikin na'ura, yanzu a manyan gasa alƙalai ne ke caje mutane suna neman na'ura, kuma shiga zauren wasa da waya laifi ne. A 2019, a gasar Strasbourg ta Faransa, aka kama Igors Rausis, gwanin gwanaye guda, zaune a banɗaki yana duba waya ana tsakar wasa. FIDE ta ƙwace laƙabinsa, ta dakatar da shi shekara shida.