Ƙwaƙwalwar giya da kunnen bakanike

A da, da kunne bakanike yake gane cutar mota: ya saurari kukan inji, ya shinshina man giya, ya yanke hukunci. Motocin yau sun fi ƙarfin kunne, domin tsakanin ƙafar direba da giyar otomatik akwai wata ƙaramar kwamfuta, ƙwaƙwalwar giya. Ita ke karɓar bayani daga na'urorin auna gudu, zafin mai da nauyin taka totur, sannan ta umarci bawul-bawul na lantarki su buɗe wa mai hanya, giya ta sauya.

Na san darajar wannan akwati ne ranar da akori-kurar baffana, wadda yake kai hatsi Dawanau da ita, ta maƙale a giya ɗaya. Kariya ce aka tsara: idan ƙwaƙwalwar ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta kulle giyar don kada ɓarna ta yaɗu. Amma ga mai cin abinci da mota, kowace rana a gareji asara ce. Bakaniken farko bai ɓata lokaci ba, ya ce a sayo sabuwa.

Gareji na biyu muka samu wani matashin mai rewaya da ya jona na'urar bincike a soket ɗin OBD-II, wanda Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996. Lamba ta fito: U0101. "Baba, wannan ba ta ce ƙwaƙwalwar ta mutu ba," in ji shi. "Cewa ta yi an daina jin muryarta." Raunin batir, ƙonannen fis, tsatsa a soket ko wayar da ɓera ya ci, duk suna iya jawo hakan. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar wuta na isa, kafin ya yarda akwatin ne ya lalace.

Sauyawar kuma ba kwance noti ba ce kawai. A wasu motocin, irin Chevrolet Silverado mai giyar 6L80, ƙwaƙwalwar tana cikin giyabos, a nutse cikin mai, sai an zubar da man an cire murfin ƙasa. Sabuwa na zuwa ne ba ta san motar ba. Dole a loda mata manhaja da lambar shasi, sannan ta koyi yanayin giyar a kan titi. Ta hannu daga Ƙofar Ruwa kuwa tana ɗauke da tarbiyyar wata mota, ko da kamanninsu ɗaya.

Shi ya sa nake ganin tambaya mafi amfani ga mai mota, kafin ya zaro kuɗi, ita ce: wace lamba ta fito, kuma me aka gwada? Bakaniken da ya iya amsa ta shi ne zai riƙe sana'ar nan gaba, shi kuma ya cancanci a kai masa yara koyo.