Hadimin da ya ƙi sauya gida

'Yan uwa, musamman ku 'yan kimiyyar kwamfuta da ke aji uku kuna shirin zaɓen furojet. Ku ɗan ara mini kunnuwanku in faɗa muku abin da ya hana ni zuwa gida hutun nan, har Hajiya ta fara tambaya ko aure na yi a Kudu ban sanar ba.

Linux da muka saba da shi, kusan komai nasa cikin kanel ɗaya yake. Shi kuwa maikrokanel rage wa kansa kaya ya yi: ya raba lokaci, ya tsare ƙwaƙwalwa, ya isar da saƙo, shi ke nan. Sauran aikin sai a miƙa wa wasu ƙananan shirye-shirye masu zaman kansu, ni dai hadimai nake ce musu. Na fayil daban, na faifai daban. In ɗaya ya faɗi a tashe shi, gida bai rushe ba.

To, na rubuta ɗan hadimin fayil a kan MINIX 3, na Farfesa Tanenbaum ɗin nan, yana aiki lafiya lau. Dakta ya duba ya ce tun da shiri ne mai zaman kansa, in ɗauke shi in ɗora a kan seL4 ma. Na ce ba matsala ranka ya daɗe, sati biyu. Yau wata na uku ke nan.

Ashe lissafin fayil ɗin ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da ya ɗaure ni shi ne ɗabi'un gidan da hadimin ya taso. A MINIX saƙo ɗan ƙarami ne mai tsayayyen girma, yana zuwa da lambar wanda ya aiko shi. In kaya mai yawa ne, mai aikowa ya ba ka izini, kanel ya kwafo maka. Ni kuwa na watsa wannan kiran kwafin ko'ina cikin shirina kamar an zubar da gero. Da na shiga seL4, babu shi sam. Can ba ka magana da kowa sai kana riƙe da takardar izini ta isa ƙofarsa, mai kiranka kuma da tambarin da ke jikin takardarsa za ka gane shi. Kaya mai yawa sai ku buɗe shafin ƙwaƙwalwa ku raba tsakaninku. Kai, ko ƙwaƙwalwar ma kanel ba ya yanka maka, kai za ka yanka wa kanka daga ɗanyen rabon da aka ba ka. Wallahi ranar da na gane haka, tashi na yi na bar kwamfutar na tafi wajen mai shayinmu na bakin get, ban dawo ba sai bayan isha'i.

Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya, manya ma sun sha wannan. GNU Hurd tun 1990 ake gina shi a kan Mach. Bayan shekarar 2000 aka yi yunƙurin mayar da shi kan L4, kanel ɗin da Jochen Liedtke ya ƙera don saƙo ya yi sauri, aikin ya tsaya a hanya. Mach yana karɓar saƙo ya ajiye maka a layi, L4 kuwa sai mai bayarwa da mai karɓa sun haɗu hannu da hannu. Har yau Hurd yana kan Mach. Su ke nan, balle ni da ke cajin laftof a barandar masallaci in an tayar da janareta.

Wajen mutanen Genode na Jamus na ga dabara. Shirinsu ɗaya yana hawa kanel iri-iri, har da seL4, saboda sun sa shimfiɗa tsakanin hadimi da kanel. Sai na tsaga nawa biyu. Cikin hadimin yanzu abu huɗu kawai ya sani: karɓi buƙata, wa ya aiko, kwaso kaya, mayar da amsa. Yadda ake yin kowanne, wannan na tura shi wani fayil daban, ɗaya na MINIX ɗaya na seL4. Sai da na sake rubuta kusan rabin aikin, kuma ba a banza aka samu ba: shimfiɗar ta ƙara kwafi ɗaya a hanya, saurin ya ragu, kuma duk wata ƙwarewa ta musamman da kanel ɗaya ke da ita sai ka haƙura da ita don ɗayan bai san ta ba. A ganina duk mai cewa hadimi ana ɗaukarsa kamar buhu, bai taɓa ɗauka ba.

Daren jiya wajen ƙarfe biyu, a cikin QEMU, seL4 ya buɗe fayil ya karanto mini "sannu". Na yi ihun da abokin ɗakina Bayerabe ya farka yana salati. Rubutu ne har yanzu yake maƙalewa in shirye-shirye biyu suka kira a tare, ina zargin shafin da suke rabawa. Ranar Talata zan kare aikin, in ban wuce ba kuwa abokaina za su tafi bautar ƙasa su bar ni nan da ƙarin shekara. Ku sa ni a addu'a, duk wanda kuma ya taɓa wasa da seL4 don Allah ya neme ni kafin Litinin.