Harawar RimWorld

'Yan uwa marubuta, mu da muke buga RimWorld mun lura kaji sun fi mahara karya mu. Ka sayi kaza biyu da zakara, kafin shekara ta zagayo (shekarar wasan kwana 60 ce kacal) sun cika garke, sun cinye ciyawar shanu.

Tun 2021 da aka shigo da tsarin shinge, allon garke yana nuna lissafi ƙiri-ƙiri: ga abin da ƙasa ke fitarwa, ga abin da bakuna ke ci. Sanyi na sauka, ciyawa ta daina tsiro. Mu da muka taso muna ganin harawa jibge a kan rufin ɗaki saboda rani, wannan ba sabon karatu ba ne.

Wahalar tana wajen zaɓen wadda za a yanka. Saniya tana ba da nono. Boomalope kuwa in ta mutu fashewa take, rumbu ya kama wuta, don haka ita ke fara cin abinci. Wata dabbar ta shaƙu da mutum guda a sansanin, har suna gare ta. Ka yanka ta, ya shiga ƙunci, ya watsar da aiki, alhali shi kaɗai ya iya girki.